Belin Sambo Dasuki: kotuna sun ce a sake shi, ƙofa ta ƙi buɗuwa shekara huɗu

Ranar 29 ga watan Disamba 2015 lauyoyin Kanar Sambo Dasuki mai ritaya suka gama cika duk sharuɗɗan belin da kotuna suka gindaya masa, masu tsaya masa sun kawo takardunsu an tantance, aka kai takardar saki gidan yarin Kuje, gandirobobi suka buɗe masa ƙofa ya fito. A nan bakin gidan yarin jami'an DSS, wato jami'an tsaro na farin kaya, suka sake yin awon gaba da shi. Daga ranar nan bai sake kwana a gidansa ba sai 24 ga Disamba 2019. Shekara huɗu cur, mutum yana da beli a hannu ba ɗaya ba ba biyu ba, amma yana tsare.

Mutane da yawa a lokacin abin da suke cewa kawai shi ne gwamnati ta raina kotu, shikenan. To haka ne, akwai raini a ciki, amma in ka tsaya a nan ka bar rabin labarin, domin har gaban Kotun Ƙoli an je kuma ta ce ba a saɓa wa umarnin belin da aka bayar ba. Yadda aka yi waɗannan maganganu biyu suka zama gaskiya a lokaci guda, nan ne abin dubawa yake, kuma ba za ka gane shi ba sai ka san wace kotu ce ke da hurumin me, kuma shi belin nan da ake ta faɗa a kan wa yake hawa.

Shi dai Sambo ɗa ne ga marigayi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki wanda gwamnatin Abacha ta tuɓe a 1996. Ya yi dogarin Janar Babangida, sannan Goodluck Jonathan ya naɗa shi mai ba shi shawara kan harkar tsaro a watan Yuni 2012, lokacin da Boko Haram ke kan ganiyarta. Buhari ya hau a Mayu 2015, a watan Yuli ya sauke shi, ba a yi kwanaki ba DSS suka dira gidansa na Asokoro a Abuja suka yi bincike, har gidan mahaifinsa a Sakkwato sai da suka shiga. Suka ce sun samu bindigogi da kuɗi. Daga baya kuma sai ga babbar maganar, wato dala biliyan 2.1 da aka ce an ware don sayen makamai amma aka karkatar aka rarraba wa 'yan siyasa gabanin zaɓen 2015. Shi kuma tun farko cewa ya yi bai aikata ba.

Shari'ar farko a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja aka buɗe ta, gaban Mai Shari'a Adeniyi Ademola, ranar 1 ga Satumba 2015, kan zargin mallakar makamai ba bisa ƙa'ida ba, daga baya aka ƙara da cajin halasta kuɗin haram. Alƙali ya ba shi beli a kan ya tsaya wa kansa da kansa, ba sai ya kawo kowa ba, ganin ba ɓoyayyen mutum ba ne. A farkon Nuwamba kuma ya ba shi izinin fita waje ganin likita na sati uku, ya ce a mayar masa da fasfonsa. Maimakon tafiya asibiti sai DSS suka yi wa gidansa ƙawanya, ba shiga ba fita, har zuwa 1 ga Disamba da suka ɗauke shi suka miƙa wa EFCC, hukumar yaƙi da masu yi wa tattalin arziki ta'annati.

Ita kuma EFCC ba Babbar Kotun Tarayya ta kai shi ba, Babbar Kotun Birnin Tarayya ta nufa, kuma shari'a biyu ta buɗe a kwana biyu a jere. Ranar 14 ga Disamba gaban Mai Shari'a Hussein Baba-Yusuf da caji 19, tare da Shu'aibu Salisu tsohon daraktan kuɗi na ofishinsa da Aminu Baba-Kusa, washegari kuma gaban Mai Shari'a Peter Affen da caji 22, tare da tsohon gwamnan Sakkwato Attahiru Bafarawa da ɗansa da Bashir Yuguda tsohon ƙaramin ministan kuɗi. Kafin Kirsimeti duka alƙalan biyu sun ba da beli, kowannensu a kan naira miliyan 250.

Wani zai ce me ya sa mutum ɗaya za a raba masa shari'a gida uku. Hurumi ne. Babbar Kotun Tarayya ba komai take ji ba, tsarin mulkin 1999 a sashe na 251 ya jera mata abubuwan da suka shafe ta, harkar makamai na ciki, cin amanar ƙasa na ciki, ga kuma dokoki irin ta halasta kuɗin haram da ta ta'addanci da suka tura shari'unsu can. Shi kuma laifin cin amana da sama da faɗi da dukiyar da aka ba ka riƙo, wannan a ƙarƙashin dokar Final Kod yake, wadda muka sani a Arewa tun 1960 kuma ita ce ke aiki a Abuja, to irin wannan Babbar Kotun Birnin Tarayya ce ke ji, kamar yadda babbar kotun jiha za ta ji shi in a Kano ko Katsina aka aikata. Kotunan nan biyu matsayinsu ɗaya, babu wadda ke saman wata, babu wadda za ta soke hukuncin wata, duk wanda bai gamsu ba sai dai ya haura Kotun Ɗaukaka Ƙara. Kuma kowacce belin da ta bayar ya tsaya ne a kan cajin da ke gabanta kaɗai. Belin Ademola bai rufe cajin da ke gaban Baba-Yusuf ba, na Baba-Yusuf bai rufe na Affen ba. Ka riƙe wannan, domin a kansa komai ya rataya.

Sai kuma dokar belin kanta. A shekarar da aka fara shari'ar nan ne sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta fara aiki, wadda lauyoyi ke kira ACJA, Jonathan ya sa mata hannu a Mayu 2015 yana gab da barin mulki, tana aiki a kotunan tarayya da na Abuja, jihohi kuma kowacce ta yi tata daga baya, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Dokar ta kasa laifuka mataki-mataki. Ƙananan laifuka beli kusan haƙƙinka ne kai tsaye. Laifin da hukuncinsa ya wuce ɗaurin shekara uku, sashe na 162 ya ce a ba da beli sai fa in akwai dalili, kuma ya lissafa dalilan: in akwai alamar mutum zai sake aikata wani laifi, ko zai tsere, ko zai tsorata shaidu ko ya saye su, ko zai ɓoye hujja ko ya lalata ta, ko zai kawo cikas ga bincike. Abin lura a nan, ba wanda ake tuhuma ne zai gamsar da kotu cewa shi mutumin kirki ne ba, mai gabatar da ƙara ne zai nuna dalilin hanawa, saboda sashe na 36 na tsarin mulki ya ce kowa ba shi da laifi har sai an tabbatar. Faɗa da baki cewa ai zai gudu bai isa ba, sai an rubuta a takardar rantsuwa an kawo abin da ke nuna hakan.

Mataki na sama shi ne laifin da hukuncinsa kisa ne, kisan kai, fashi da makami, cin amanar ƙasa. A nan lissafin juyawa yake. Sashe na 161 na dokar ACJA ya ce alƙalin babbar kotu ne kaɗai zai iya ba da beli, majistare ba shi da wannan iko ko da ya ga dama, kuma shi ma alƙalin sai in akwai yanayi na musamman, kamar rashin lafiyar da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar kuma inda ake tsare da mutumin ba su da kayan kula da shi, ko jinkirin da ya wuce shekara ɗaya wajen bincike ko gurfanarwa, ko wani dalili da alƙali ya ga ya kai. Nan nauyin kawo hujja a kan mai neman belin yake.

Wannan matakin na sama ne ke cika gidajen yarinmu, bari in ɗan ratse a nan. 'Yan sanda su kama yaro su rubuta fashi da makami a takardar FIR, wato rahoton farko na tuhuma, su kai shi gaban majistare, sun sani sarai majistare ba shi da hurumin sauraron fashi da makami, ba zai iya yin shari'ar ba kuma ba zai iya ba da beli ba, abin da zai iya kawai ya ce a ajiye shi a gidan yari har a samu shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya tafi ya kwanta, wani lokacin ya ɓata gaba ɗaya. Uwa ta yi ta safa da marwa kotun majistare tana roƙon beli a inda ba a da ikon bayarwa, babu wanda ya gaya mata babbar kotu ya kamata lauya ya shigar da takarda. Sabuwar dokar ta yi ƙoƙarin rage wannan, ta ce tsarewar farko kada ta wuce kwana 14, in an nemi ƙari a ƙara 14, daga nan kotu ta kira hukuma ta zo ta faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin, amma fa rubutu daban aiki daban, har yanzu masu jiran shari'a sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa nesa ba kusa ba a gidajen yarin Najeriya.

To Dasuki ba a matakin kisa yake ba. Duk girman kuɗin da aka ambata, cajin da ke kansa na mataki na tsakiya ne, wanda asalinsa a ba da beli. Shi ya sa alƙalai uku daban-daban, waɗanda babu mai cewa dukkansu 'yan PDP ne, jam'iyyar Jonathan, suka duba suka bayar. A shari'un EFCC masu gabatar da ƙara sun yi suka, kotu ta saurare su, ba ta gamsu ba. In gwamnati na ganin alƙalan sun yi kuskure hanyarta a buɗe take, ta ɗaukaka ƙara, ko ta koma gaban alƙalin da ya ba da belin ta nemi ya soke da sabuwar hujja, ko kuma in akwai sabon laifi ta shigar da sabon caji ta nemi a tsare shi a kansa. Ba a bi ko ɗaya har ta kai ga samun umarnin tsarewa ba, sai dai aka jira shi a ƙofar Kuje. Washegari 30 ga Disamba a hirarsa ta farko da 'yan jarida a talabijin Buhari ya fito ya nuna ƙarara cewa mutane irin su Dasuki da Nnamdi Kanu, jagoran masu fafutukar Biyafara, laifin da ake zarginsu ya yi girman da bai kamata a sake su ba, don za su iya gudu. Wannan magana ce da ya kamata lauyan gwamnati ya yi a gaban alƙali, kuma an yi ta a can an faɗi.

Lauyoyin Dasuki, su Joseph Daudu da Ahmed Raji, sai suka ɗauki wata hanya da a ganina ita ta ci musu lokaci mai yawa. Suka koma gaban Baba-Yusuf da Affen suka ce gwamnatin tarayya ta raina kotu, don haka ba ta da bakin ci gaba da gurfanar da shi, a dakatar da shari'ar ko a sallame shi har sai an mutunta belin. A kunne maganar tana da daɗi. Lauyan EFCC Rotimi Jacobs ya amsa da cewa su fa ba su riƙe da kowa, umarnin kotu ya ce a ajiye shi a Kuje har ya cika sharuɗɗa, ya cika, Kuje ta sake shi, umarni ya gama aikinsa, wanda ya kama shi daga baya wata hukuma ce daban wadda ba ta cikin wannan shari'a kuma ba a ambaci sunanta a umarnin ba. A farkon 2016 alƙalan biyu suka yarda da wannan, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar, sannan ranar 2 ga Maris 2018 Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Ejembi Eko ya rubuta, ta kori ƙarar Dasuki ta ce an bi umarnin belin tun ranar da aka fito da shi daga Kuje, ta kuma ce a hanzarta shari'ar.

Gaskiya duk wanda ba lauya ba in ya ji wannan sai ya riƙe baki. A saman takardar cajin an rubuta Tarayyar Najeriya ce ke ƙarar Dasuki, EFCC ta gwamnatin tarayya ce, DSS ta gwamnatin tarayya ce, dukkansu shugaban ƙasa ɗaya suke amsa wa, amma a kotu aka ce hannun dama bai san abin da na hagu ya yi ba. Sai dai in ka kwantar da hankali, ta fuskar ƙa'ida kotunan ba su yi shirme ba. Beli ba takardar kariya ba ce da ke hana a sake kama mutum har abada, in da haka ne da duk wanda aka ba beli kan sata zai fita ya yi kisa a ce ba a taɓa shi. Beli umarni ne ga wanda ke riƙe da kai saboda wani caji takamaimai cewa ya sake ka. Kuma raina kotu laifi ne da ake ɗora wa wanda aka ba umarni ya ƙi bi, ba za ka ɗora wa wanda ba a yi magana da shi ba. Abin da kotunan suka ce a taƙaice shi ne kun ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba, in DSS ke tsare da shi ba bisa doka ba to ku yi ƙarar DSS ɗin. Inda nake ganin an yi sakaci shi ne babu wanda ya tsaya ya tambayi Antoni Janar, wanda shi ne babban lauyan gwamnatin duka, da wane umarnin kotu ake riƙe da mutumin nan tun 29 ga Disamba, alhali sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. A Abuja kotu ba ta yi wa kowa nisa ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta neman haƙƙin ɗan Adam, kuma nan ma akwai maganar hurumi. Tun 2005 aka ba kotun ECOWAS da ke zama a Abuja ikon sauraron ƙarar take haƙƙin ɗan Adam daga mutum ɗaya kai tsaye, ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba. Ita ba ta ba da beli, ba ta kuma duba ko Dasuki ya ci kuɗi ko bai ci ba, abin da take dubawa kawai tsarewar ta dace da yarjejeniyoyin da Najeriya ta sa wa hannu ko ba ta dace ba. Ranar 4 ga Oktoba 2016 ta ce ba ta dace ba, a sake shi nan take a kuma biya shi diyyar naira miliyan 15. Ba a sake shi ba. Kwanaki kaɗan bayan haka DSS suka shiga gidajen wasu alƙalai cikin dare, har da gidan Ademola, wanda daga baya ya yi zargin belin Dasuki da umarnin sakin Kanu na cikin abin da ya jawo masa, an gurfanar da shi kan cin hanci kotu ta sallame shi a 2017. A watan Nuwamba na 2016 ɗin kuma Sarki Ibrahim Dasuki ya rasu, ɗansa na tsare.

Sai a 2018 aka yi abin da da an yi shi tun farko, aka kai DSS da shugabanta da Antoni Janar ƙara da sunansu a Babbar Kotun Tarayya kan tauye 'yanci. Ranar 2 ga Yuli 2018 Mai Shari'a Ijeoma Ojukwu ta ce tsarewar da aka yi masa tun ƙarshen 2015 ta saɓa wa tsarin mulki, ta ba da beli kan naira miliyan 200 da masu tsaya masa mutum biyu. Yanzu kam babu sauran zancen wai ba da mu aka yi magana ba, sunan DSS na kan takardar. Aka cika sharuɗɗa, aka kai musu takarda, shiru. Ministan shari'a Abubakar Malami, wanda shi ne Antoni Janar ɗin, ya fito a hira da sashen Hausa na Muryar Amurka yana cewa maslahar al'umma ta fi ta mutum ɗaya, yana ɗora wa Dasuki alhakin rayukan da aka rasa saboda rashin makamai. A watan Agusta kuma Buhari ya tsaya gaban taron ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ya ce bin doka dole ya zo bayan tsaron ƙasa da maslahar ƙasa, ya kuma ce Kotun Ƙoli ma ta taɓa faɗin haka.

Hukuncin da yake nufi shi ne na Mujahid Asari Dokubo, jagoran masu ɗauke da makamai na Neja Delta da gwamnatin Obasanjo ta kama a 2005 kan laifin da ya shafi cin amanar ƙasa. Ya nemi beli Babbar Kotun Tarayya ta hana, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta hana, a watan Yuni 2007 Kotun Ƙoli ta tabbatar, Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalai ne ya rubuta hukuncin, ya ce inda tsaron ƙasa ke fuskantar barazana haƙƙin mutum ɗaya sai ya koma baya. To amma duba wa ya hana Dokubo beli. Kotu ce, bayan gwamnati ta kawo hujjarta ta ajiye a gaban alƙali an yi muhawara a kai. Hukuncin ya ce alƙali zai iya la'akari da tsaron ƙasa ya hana beli, bai ce in alƙali ya bayar shugaban ƙasa ko shugaban DSS zai iya la'akari da tsaron ƙasa ya ƙi bi ba. Sashe na 287 na tsarin mulki ma cewa ya yi dole kowace hukuma da kowane mutum su zartar da hukuncin kotu. Kuma abin dariyar, ba a yi sati da hukuncin Kotun Ƙolin ba Babbar Kotun Tarayya ta ba Dokubo beli saboda rashin lafiya, lokacin 'Yar'aduwa ya hau yana neman sulhu da yankin, aka sake shi ya tafi gida.

Ka kwatanta da lamarin Sheikh Ibrahim Zakzaky da aka kama a watan da aka kama Dasuki, bayan abin da ya faru a Zariya tsakanin sojoji da mabiyansa. Shi ma a Disamba 2016 Mai Shari'a Gabriel Kolawole ya ce a sake shi cikin kwana 45 ba a bi ba. Amma a 2018 gwamnatin Kaduna ta gurfanar da shi a babbar kotun jiha da caji har da na kisan kai, wato aka shigar da shi matakin sama, alƙali ya hana beli, daga nan tsarewar ta samu takardar kotu da ta tsaya a kai har zuwa Yuli 2021 da kotun ta wanke shi. Ko ka yarda da cajin ko ba ka yarda ba, akwai alƙalin da ya sa hannu. A na Dasuki wannan takardar ce babu ita.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba, shi ne sharuɗɗan belin kansu. Sashe na 165 na dokar ACJA ya ce kada sharaɗi ya wuce kima, domin alƙali zai iya cewa na ba ka beli da baki amma ya hana ka da sharaɗi. Kotunanmu sun daɗe da wata al'ada ta cewa ka kawo ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 16 ko darakta, wanda ke da gida a Maitama ko Asokoro. Dasuki ya ɗaukaka ƙara kan sharuɗɗan Ojukwu, a watan Yuni 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage kuɗin zuwa naira miliyan 100 ta kuma ce a biya shi diyyar miliyan 5, amma sharaɗin babban ma'aikaci na nan. Aka sake komawa, a watan Nuwamba kotun ta cire shi gaba ɗaya, Mai Shari'a Stephen Adah ya yi wata magana mai ma'ana, cewa tsammanin ma'aikaci mai mataki na 16 ya mallaki kadarar miliyan 100 a Abuja ya ci karo da dokokin aikin gwamnati da kuma yaƙi da cin hancin da ake cewa ana yi. Wato kana shari'ar cin hanci amma kana neman mai tsayawar da sai ya ci hanci zai cancanta. Wannan hukunci yanzu lauyoyi na kafa hujja da shi don nema wa wasu sassauci, kuma mai yiwuwa shi ne abin da ya fi amfanar talaka a duk wannan doguwar shari'a, duk da wasu alƙalan har gobe ba su daina sa sharaɗin ba. Haka nan dokar ACJA ta fito fili ta ce ba a hana mace tsaya wa mutum don kawai ita mace ce, amma je ka wasu ofisoshin 'yan sanda ka ji abin da za a gaya wa matar da ta zo belin mijinta.

A tsakanin nan ita ainihin shari'ar kuɗin makaman tafiyar hawainiya take. Wani zaman DSS ba su kawo shi kotu ba, wani zaman lauyoyinsa su ce ba a ba su damar ganawa da shi yadda za su shirya kariya ba, a ƙarshen 2018 shi da kansa ya rubuta cewa ya daina zuwa kotu har sai an mutunta belinsa. Duk wanda ke son a gano inda kuɗin makaman suka shiga, musamman iyalan sojojin da aka tura daji ba kayan aiki, shi aka fi cuta da wannan, domin shekarun da ya kamata a yi ana kiran shaidu an cinye su ana gardamar wa ke riƙe da wa.

Abin da ya buɗe ƙofar a ƙarshe ba sabon hukunci ba ne. Omoyele Sowore, ɗan gwagwarmaya kuma mai jaridar Sahara Reporters, shi ne DSS suka kama a Agusta 2019, kotu ta ba shi beli aka yi ta jan ƙafa, aka sake shi ranar 5 ga Disamba, washegari jami'ai suka biyo shi har harabar kotun Mai Shari'a Ojukwu suka sake kama shi, bidiyon kokawar ya zagaye duniya, wasu 'yan majalisar Amurka suka rubuto wa Malami wasiƙa, jaridar Punch ta ce daga yanzu Manjo Janar za ta riƙa kiran Buhari, wato da muƙaminsa na soja, saboda ƙin bin umarnin kotu. Ranar 24 ga Disamba Malami ya sanar da cewa ya umarci DSS su saki Sowore da Dasuki bisa belin da kotuna suka ba su, a daren aka sake su. Daga baya ma ya ce tausayawa ce gwamnati ta yi.

Dasuki bai gudu ba, ya ci gaba da zuwa kotu. Baba-Yusuf ya zama babban jojin Abuja a 2021, shari'ar ta sauya hannu, kuma a ƙa'ida in alƙali ya canza ana komawa farko ne, a sake karanta caji a sake kiran shaidu. A watan Maris 2025 EFCC ta sake gurfanar da shi tare da Aminu Baba-Kusa gaban Mai Shari'a Charles Agbaza kan naira biliyan 33.2, aka karanta musu caji suka ce ba su aikata ba, aka sa ranar fara sauraron shaidu, shekara tara da 'yan watanni bayan an fara karanta masa cajin farko kan kuɗin.